Ba-Birki a Bakin Kwazazzabo

A tasha, in ka tambayi yayana da sunansa na yanka, ba wanda zai gane wa kake nufi sai ka ce Ba-Birki. Mai shayi zai gaya maka shekara talatin yana haɗa masa shayi, bai taɓa ganin ya sha a zaune ba. A tsaye yake kurɓa, ƙafa ɗaya a kan benci, ido a kan mota. Bakanike zai ce bai san direban da ya kai shi kula da inji ba, sai dai fa in kana ƙarƙashin motarsa kana ɗaure noti, yana sama yana tambayarka ko ka gama. 'Ya'yansa mata uku suna cewa Baba ya fi kowa kirki, amma in ya ce zai raka ka unguwa, sai ya je ya dawo kana neman takalmi.

Matarsa kuwa, wadda nake kira Matarmu tun ranar da aka kawo ta gidan, ita kuma take ce mini ƙaramin miji, nata bayanin gajere ne.

"Yayanka ba shi da mugunta ko kaɗan," in ji ta. "Bakinsa ne kawai ba a koya wa 'yi haƙuri' ba."

Gaskiya ta faɗa. In ya ɓata mata rai ba ya cewa komai. Washegari sai ya shigo da sabon bokiti, ya ajiye a tsakar gida, ya yi gyaran murya, ya fita. Na taɓa ƙirga bokitan da ke bayan ɗakin girkinta. Goma sha ɗaya ne, ban da waɗanda ta bayar.

Mahaifiyar Matarmu daga wani ƙauye ta fito can ƙololuwar duwatsu. Aure ya sauko da ita, kuma ta rasu 'yarta na da shekara tara. Abin da ta bar mata bai wuce wani tsohon mayafi da ta saƙa da hannunta ba, sai labarin bikin da ake yi a garinsu sau ɗaya a shekara, ranar da ake buɗe wa gonaki ruwa. Matarmu ba ta taɓa taka garin ba. Da Yaya ya ajiye tuƙi, gwiwa ta fara yi masa gardama, zaman gida ya ishe shi, sai rannan ya ce mata ta shirya ya kai ta.

"Kwana biyu mu je mu dawo," in ji shi.

Ta dube shi, ta dube ni. "Ƙaramin miji, rufe shagon ɗinkin nan ka zo mu tafi. Ina son wanda zan yi hira da shi a hanya."

Na rufe keken ɗinki da zane, na bi su.

A cikin bas Yaya ya zauna bayan direba, ya yi ta koya masa tuƙi har inda kwalta ta ƙare. Daga nan muka hau bayan wata tsohuwar motar kaya tare da buhunan gishiri, ta sauke mu a wata 'yar kasuwa a gindin dutse. Daga can sai ƙafa. Muka sami wani mai alfadari, dogo, mai magana kamar ana jan ta da igiya, ya yarda ya ɗaukar mana kaya ya nuna mana hanya.

"Malam, kilomita nawa ne zuwa can?" in ji Yaya.

Mutumin ya gama ɗaure jakata a bayan alfadarin, ya ja igiyar ya gwada, sannan ya ce, "Zama biyar ne."

"Ban tambaye ka kujera ba. Nisa nake tambaya."

"Shi na gaya maka."

Ashe mutanen duwatsun nan ba da awo suke lissafin tafiya ba. Tsakanin kasuwar da garin da za mu akwai gidaje biyar da matafiyi ba ya wuce su. Dole ya shiga, a shimfiɗa masa, a zuba shayi, a yi hira. Kuma baƙo ba ya miƙewa sai mai gida ya kife kofinsa a kan tabarma da hannunsa. Wannan ne alamar zama ya tashi.

"To awa nawa ake yi a zama ɗaya?"

"Ya danganta da bakin mai gidan."

Matarmu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Yaya ya dubi agogonsa kamar zai kai masa ƙara.

Hanyar siririya ce, tana hawa tana lanƙwasa tsakanin gonakin da aka yanka a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, kowace an tare bakinta da jeren duwatsu. Alfadarin ba ya sauri ba ya tsayawa. Yaya yakan wuce mu ya ɓace, mu tarar da shi a gaba a zaune kan dutse yana murza gwiwa, da ya hango mu sai ya miƙe ya yi kamar yana duba gari.

Zama na farko a gidan wani mai niƙa muka yi, wanda ruwan rafi ke juya masa dutsen niƙan. Ƙarar dutsen ta cinye masa kunne, saboda haka ba ya jin tambaya, amsa kawai yake bayarwa. Ya ba mu labarin shekarar da ƙasa ta zabtare ta tafi da gonar surukinsa ta ajiye ta a kan gonar wani, aka yi shekara huɗu ana shari'ar wane ne mai albasar da ke ciki. Matarmu ta yi dariya har da hawaye. Yaya ya shanye shayinsa a kurɓi biyu, ya zura wa kofin mai gida ido har ya ga an kife shi. A nan muka kwana.

Zama na biyu a wani tsohon gari ne da aka gina gidajensa da baƙin dutse, ƙofofinsu gajeru, sai ka sunkuya kake shiga. Sau uku Yaya yana buga goshi a ƙofa ɗaya. A na ukun mai gidan, wani mai kiwon zuma, ya ce, "Kakana ya gina ta haka don kowa ya gaida ɗakin kafin ya shiga. Kai dai gaisuwar taka da ƙarfi take."

Matar mai zuman ce ta lura da mayafin Matarmu. Ta kama gefensa ta kai kusa da ido, ta ce wannan saƙar ta sama ce, kuma in muka kai zama na uku mu nuna wa tsohuwar gidan, don a garin sama aka haife ta, ta san kowane hannu.

Mun isa zama na uku da la'asar a rana ta uku. Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa a kan buzun akuya, idanunta sun yi fari, ba ta gani sai inuwa. Aka shigar da mu, jikarta ta zuba shayi ta fita. Matarmu ta cire mayafin ta sa mata a cinya.

Tsohuwa ta bi gefensa da yatsu a hankali. Da ta kai kusurwa sai ta tsaya.

"Wannan hannun na san shi," ta ce. "Mutum ɗaya ce ke murɗa zaren baki ta hagu, don bahaguwa ce. Ke wace ce tata?"

"'Yarta ce, Iya."

"'Yar masaƙiya! Matso in taɓa fuskarki."

Ban taɓa ganin Matarmu haka ba. Mace mai jikoki shida ta durƙusa kamar yarinya, tsohuwa na shafa mata goshi da kunci. Sannan labari ya ɓalle. Tare suka tashi da mahaifiyarta. Tare suka saci zuma ƙudan suka kumbura musu fuska har iyayensu suka kasa gane wace ce wace. Ita ce ta fi kowa murya a garin, amma in ta yi fushi ba ta magana, sai dai a ji masaƙarta na bugawa da ƙarfi. Shekarar da ta cika goma sha biyar ita aka zaɓa ta ɗaga dutsen farko a bakin magudanar ruwa ranar biki. Matarmu ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tana zaune ba ta ko motsi, shayinta ya huce a hannu.

Yaya kuwa rana yake kallo ta ƙofa. Ya riga ya ƙudura cewa in muka tashi yanzu za mu rage hanya kafin duhu. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya dubi kofin tsohuwa da ke ajiye kusa da gwiwarta, babu komai a ciki.

"Ranar da za ta sauka," tsohuwa na cewa, "ta ja ni bayan rumbu, ta ce mini, ƙawata, in Allah ya ba ni 'ya mace..."

Sai na ga hannun Yaya ya miƙe a hankali ya kife kofin. Ya ƙyafta mini ido, wai shi ya yi dabara.

Tsohuwa ta lalubi kofin don a ƙara mata ta jiƙa maƙogwaro. Yatsunta suka sami gindinsa a sama. Ta janye hannunta.

"Ba hannuna ya kife wannan ba," ta ce. "Amma kifaffe kifaffe ne. Zama ya tashi. Allah ya kiyaye hanya."

Matarmu ta roƙe ta. Tsohuwa ta girgiza kai, ba da fushi ba. A gidan nan ba a magana a kan kifaffen kofi, tun kafin a haife ta haka abin yake. Matarmu ta ɗauki mayafinta ta yafa, ta fita ba ta dubi kowa ba. Da mai alfadari ya tambaya ko a ɗora kaya, ta ce ita a nan za ta kwana.

Kafin magariba na ga Yaya yana zagaya garin, yana leƙa lungu-lungu. Na san abin da yake nema. Garin ko kanti babu, balle mai sayar da bokiti.

Da safe Matarmu ta same mu a bakin rijiya. Da ni ta yi magana.

"Ƙaramin miji, gaya wa yayanka zan sake sabon zama da Iya. Ta ce ita ba ta iya fara labari daga tsakiya ba, daga satar zuma za ta sake ɗaukowa. In mun gama, zan bi matan garin nan, su ma bikin za su. Mai sauri ya yi gaba."

Yaya ya yi gyaran murya. Daga inda muke ana hango garin sama ƙarara, fararen gidaje a manne a jikin dutse, har hayaƙin girkinsu ana gani. Hanyar da kowa ke bi tana gangarawa hagu, ta sauka har rafi inda gada take, ta yi zama biyu, sannan ta hau: kwana ɗaya da wuni. Amma ga wata 'yar hanya ta miƙe dama, ta nufi garin kai tsaye.

"Waccan fa?" ya tambayi mai alfadari.

"Ta awaki ce."

"Akuya ta bi, ni in kasa?"

"Akuyar ma in ta je dawowa take yi."

Yaya bai tsaya jin sauran ba. A ransa, zai riga ta isa, ya sami danginta, ya shirya mata tarba, ta iso ta gan shi a zaune yana murmushi, shi ke nan magana ta wuce. Ya saɓa jakarsa ya kama hanyar dama. Na tsaya ina duban Matarmu.

"Bi shi," ta ce. "In ya yi karo da dutse, a sami wanda zai ba dutsen haƙuri."

Wuni muka yi a hanyar awakin nan. Garin yana gabanmu, yana ƙara girma, har muka fara gane launin zannuwan da aka shanya a kan katanga. Yaya ya manta da gwiwa, yana ta cewa, "Ka gani ko? Zama biyar! Mutane dai ba su san darajar lokaci ba." Da la'asar muka zagaya wani ƙaton dutse, sai hanya ta ƙare.

Kwazazzabo ne a gabanmu, mai zurfin da in ka leƙa sai ka ga tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashinka. Garin na tsallake, kusa ƙwarai, ana ganin kaji na kiwo a bakin masussuka. Babu gada, babu igiya, babu komai.

A gefenmu akwai 'yar bukkar dutse, da wata 'yar tsohuwa ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba, tana tsince wake a faifai. Ta dube mu ba mamaki.

"Sannunku da ƙin zama," ta ce. "Ku shigo. Duk shekara ina samun ɗaya ko biyu. Yawanci maza."

Ta shimfiɗa mana, ta zuba shayi. "Wannan ba ya cikin biyar ɗin," ta ce wa Yaya. "Na waɗanda suka fi kowa wayo ne."

Muna cikin sha sai muka ji wata murya ta taso daga tsallake, doguwa, a rarrabe. 'Yar tsohuwar ta ajiye kofi, ta fita ta hau wani faffaɗan dutse a bakin ramin, ta dafa ƙugu, ta buɗe baki. Wallahi sai da shayina ya zube. Ban san inda take ajiye wannan murya a jikin nan nata ba. Ta dawo ta zauna ta ce wai tambaya suke ko mai gishiri ya iso kasuwar ƙasa.

Aikinta ke nan. Ita ce Mai Kira ta wannan gefen, a can kuma akwai abokin aikinta, wani mai jar hula. Duk saƙon da zai ci kwana biyu a ƙafa, su biyun suke tsallakar da shi. Yaya ya tambaye ta yadda za mu kai garin. Ta ce mu koma inda muka fito, wuni guda, sannan mu bi hanyar mutane. Biki kuwa gobe ne.

A bukkarta muka kwana.

Washegari da hantsi muka zauna a kan dutsen kiran, ƙafafu a miƙe, muka kalli bikin daga nesa kamar masu leƙen gidan maƙwabta. Mutane suka fito cikin fararen kaya, masu ganga a gaba, masu sarewa a baya, suka hau zuwa saman gari inda aka toshe magudanar ruwa da duwatsu tun bara. Ana cikin haka sai ga jerin mata sun ɓullo ta hanyar ƙasa, da alfadari a bayansu.

"Ga ta can," in ji Yaya. "Ta uku. Ga mayafin."

Muka ga wata tsohuwa ta fito daga taron da sanda, ta tsaya gaban Matarmu, sannan ta yar da sandar ta rungume ta. Mai Kira ta ce ai ƙanwar masaƙiya ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Aka yi ta guɗa. Sannan aka kama hannun Matarmu aka hau da ita har bakin magudanar. Ganguna suka tsaya. Ta sunkuya ta ɗaga dutsen farko.

Ruwan ya fito kamar yana jin kunya, sannan maza suka kwashe sauran duwatsun ya ɓalle. Muna gani yana sauka gona bayan gona, kowace ta cika ta miƙa wa ta ƙasa, har dutsen gaba ɗaya ya koma walƙiya. Mutane na bin sa da gudu suna watsa wa juna, tsofaffi ma ba a bar su ba. Yaya ya goge ido da hannun riga ya ce iskar wurin nan da yaji take.

Da rana ta take, aka zauna cin abinci a masussuka, ya matsa kusa da Mai Kira.

"Baba, ki gaya musu a gaya wa matar nan muna nan."

Ta hau dutse ta kira. Mai jar hula ya je ya dawo ya amsa.

"Ta ce ta gan ku tun ɗazu. Ta ce a gaida ƙaramin miji."

"Ki ce ta jira mu, za mu zagayo. Kwana uku."

Kira ya tafi, kira ya dawo.

"Ta ce kada ka wahalar da gwiwarka. Ƙanwar mahaifiyarta ta share mata ɗakin marigayiyar, masaƙar ma tana nan. Ta ce ku koma gida."

Yaya ya yi 'yar dariya, ya dube ni. Ni ban yi ba. Na san Matarmu. Ba ta faɗin abin da ba ta nufa.

"To yaushe za ta dawo?"

Wannan karon amsar ta daɗe, kuma da ta zo mun ji dariyar mata na biye da ita.

"Ta ce ita baƙuwa ce, ba ta tashi sai mai gida ta kife kofi. Mai gidan kuwa ta ce ta ɗaga nata kofin ta sa a rumbu, ta manta wane rumbu ne."

Yaya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "Ki ce mata in mun koma zan sake rufin ɗakin girki. Da sabon kwano. Ki ce har da famfo a tsakar gida."

"Ta ce a gaida famfo."

Ya tsaya yana kallon tsallake. Matarmu na zaune a tsakiyar mata, ta ba mu baya. Shekara talatin da shida suna tare, ban taɓa ganin ya kwana biyu a gida ba tare da ya ji motsinta ba. Ya sunkuya kusa da kunnen Mai Kira, ya rage murya yadda yake zaton ba zan ji ba.

"To ki ce mata... ki ce ta yi haƙuri."

'Yar tsohuwar ta sauko daga dutsen ta karkaɗe zane.

"A'a, ɗana. Ina kiran haihuwa, ina kiran rasuwa, ina kiran ɓatan akuya da kuɗin gishiri. Wannan ɗaya ba na ɗauka. In na faɗa, ni za ta yafe wa, ni kuwa ban yi mata komai ba. Ga dutse nan."

"A gaban mutanen nan duka?"

"A gaban mutum nawa ka yi laifin?"

"Uku."

"To riba ka samu."

Ya dube ni ko zan cece shi. Na sunkuyar da kai ina duban ɗinkin takalmina. Ya hau dutsen, ya tattare riga, ya ja numfashi, ya zazzago maganar gaba ɗaya a tare kamar mai kiran fasinja. Duwatsu suka karɓa suka yi ta jefa wa juna, kalma na hawa kan kalma, har ba a jin komai sai gunji. Mai jar hula ya sa hannu a kunne, sannan ya kira.

"Suna tambaya wace irin akuya ce ta ɓata," in ji Mai Kira.

Na juya baya don kada ya ga fuskata.

"Ba haka ake yi ba," ta ce masa. "Ramin nan ba ya son gaggawa. Kalma ɗaya za ka saki, ka tsaya. Za ta je ta bugi wancan dutsen ta dawo. Sai ka ji ta mutu sarai, sannan ka saki ta biyu. In ka haɗa su, cinye juna za su yi. Kuma daga ciki ake ɗaukowa, ba daga wuya ba. Fara da kiranta."

Nan ma wata matsalar. Yaya bai taɓa kiran Matarmu da suna ba. Ya buɗe baki ya yi abin da ya saba yi a gida.

"Ke!"

Mata wajen arba'in suka waiwayo. Wasu suka amsa da "Na'am!" Masussuka ta kaure da dariya. Mace ɗaya ce ba ta waiwayo ba.

"Me zan ce mata?" ya tambaye ni, gumi na zuba a goshinsa.

"Abin da tsohuwar zama na uku ta kira ta."

Ya gyaɗa kai, ya fara gwada sauran a hankali yana ƙirgawa da yatsu. "Ni, na, katse, miki, labarin, uwarki..."

Na kama masa riga. "Yaya, rufa mana asiri. Kalma ɗaya-ɗaya fa za ta tsallaka. In 'uwarki' ta isa can ita kaɗai, a gaban danginta, ko ta gada ba za mu shiga garin nan ba."

Mai Kira ta zauna a ƙasa don dariya. Yaya ma sai da ya murmusa. Ya gyara tsayuwa, ya cire hula ya miƙo mini, ya dafa ƙugu yadda ya ga ta yi.

"'Yar!"

Kalmar ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya ƙarama. Ya buɗe baki, yana son ya ci gaba. Mai Kira ta ɗaga masa yatsa. Ya jira.

"Masaƙiya!"

Masu ganga da suka fara taɓa kiɗa suka ɗora tafin hannu a kan fatun. Matarmu ta juyo a hankali. Ta miƙe, ta ratsa mata, ta zo har bakin ramin ta tsaya kusa da mai jar hula, ta gyara mayafinta.

Yaya ya saki sauran, yana tsayawa bayan kowace kalma har sai duwatsu sun gama da ita. Gari guda na saurare, ko kaza ba ta yi kuka ba.

"Ni. Na. Kife. Kofin."

Ya ja numfashi.

"Na. Katse. Miki. Labarin. Inna. Ban. Kyauta. Ba."

Muryarsa ta fashe a ta ƙarshen. Ya share fuska da tafin hannu, ya jira ramin ya yi tsit.

"Ki. Yi. Haƙuri."